Gurjiya 'Yar Ɗakin Wake Ce

Idan kaka ta yi a Ƙofa, ana tugar gyaɗa ana roron wake, ka shimfiɗa buhu ka zuba gyaɗa gefe, gurjiya gefe, wake gefe, ka tambayi manomi waɗanne biyu ne suka fi kusa a zumunta. Da wuya ka sami wanda ba zai haɗa gyaɗa da gurjiya ba. Kuma yana da hujja. Dukansu a cikin ƙasa suke binne 'ya'yansu, dukansu tugewa ake yi a kakkaɓe, kuma a faranti ɗaya 'yan talla ke kawo su dafaffu bakin titin Zariya. Wake kuwa yaɗo yake yi, kwansonsa a sarari yana shan rana.

Masana tsirrai ba su yarda da wannan rabo ba. A wurinsu gurjiya da wake 'yan ɗaki ɗaya ne, shi ya sa sunayensu na kimiyya suka fara da kalma ɗaya: wake Vigna unguiculata, gurjiya Vigna subterranea. Dukansu 'yan asalin Afirka ne. Gyaɗa, wato Arachis hypogaea, 'yar gidan ce amma daga wani sashe mai nisa, kuma baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, jiragen ruwan Fotugal ne suka tsallako da ita. Binne 'ya'ya a ƙasa dabara ce da kowaccensu ta samu a nata gefen duniya, ba gadonta suka yi daga kaka ɗaya ba. Su ma masanan sun daɗe suna ware gurjiya ita kaɗai a ƙarƙashin wani suna, Voandzeia, sai a 1980 wani masani na lambun binciken tsirrai na Kew da ke Ingila, Bernard Verdcourt, ya mayar da ita ɗakin wake.

Duk wanda ya taɓa zama a wurin rabon gado a babban gida ya riga ya san ainihin wannan ilimi, ko da bai taɓa shiga ajin kimiyya ba. A gida irin na gandu, zaure ɗaya ake shiga, tukunya ɗaya ake ci. Akwai agola da ya zo da mahaifiyarsa tun yana goye, akwai ɗan riƙo, akwai almajirin da ya daɗe har ya zama ɗan gida, akwai takwaran maigida da ake ce wa Baba Ƙarami. Zaman tare ya sa duk sun ɗauki tafiyar gidan da maganar gidan, wani ma har ka rantse da maigida yake kama. Ranar da aka zauna rabo, malam ba ya tambayar wa ya fi kama da mamaci, ko wa ya fi daɗewa a gidan. Tambayarsa ɗaya ce: wa ya haifi wa? A nan ne ake kiran gwaggo, tsohuwar da ta riƙe salsalar gidan a ka, ta fara warwarewa: waɗannan uwa ɗaya uba ɗaya ne, waɗannan 'yan uba ne, wancan da ke zaune a Kwanar Ɗangora wanda yara ba su taɓa gani ba ɗan mamaci ne na cikinsa. Kama da Wane ba Wane ba ne. Aikin masu rarraba halittu a yau aikin gwaggon nan ne, sai dai gidan da suke lissafawa ya haɗa kuka da kura da ƙwayar cutar da ido ba ya gani.

Ba da haka aka fara ba. Mutanen da suka fara tsara halittu a rubuce sun bi abin da ido ya nuna musu. Malamin Basra Al-Jahiz, a ƙarni na 9, ya kasa dabbobi a littafinsa Kitabul Hayawan zuwa masu tafiya, masu tashi, masu iyo da masu jan ciki. Mu ma haka muke kasawa, dabbar gida da ta dawa, abin ci da abin da ba a ci, itacen magani da na girki, kuma wannan rabo yana biyan bukatar yau da gobe. Wanda ya kawo tsarin da duniya ke bi yanzu shi ne Carl Linnaeus, mutumin Suwidin. A littafinsa na tsirrai na 1753 da bugu na goma na Systema Naturae a 1758, ya ba kowane jinsi suna mai kalma biyu da Latin, ta farko sunan ɗaki, ta biyu sunan yanka. Ya kuma jera su hawa-hawa. Jinsuna masu kusanci su zama ɗaki, ɗakuna su haɗu su zama wani rukuni mafi girma, a yi ta hawa har a kai ga masarautar dabbobi ko ta tsirrai. Daga baya aka ƙara matakai a tsakani, ciki har da wanda za mu kira gida, wanda shi ne ya fi amfani ga manomi.

Ɗorawar da ke tsaye a gonakin Bebeji da Kiru ta sami nata sunan ta hanyar da ta biyo ta ƙasarmu. Baturen nan Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, kuma a littafin tafiyarsu shi da Dixon Denham da ya fito a 1826, masanin tsirrai Robert Brown ya rubuta rataye a kan tsirran da ayarin ya tattaro. A nan ya raɗa wa ɗakin ɗorawa suna Parkia, don tunawa da Mungo Park da ya rasu a kogin Kwara wajen Busa. A 1826 ɗin ne kuma Clapperton ya sake dawowa, ya bi ta Bebeji a hanyarsa daga Zariya zuwa Kano. Kuka ma haka, Adansonia digitata, sunan Michel Adanson ne, Bafaranshen da ya gan ta a Sanigal a 1749. Matan da suka shekara ɗaruruwa suna dafa kalwa suna yin daddawa ba su shiga sunan ba, kuma wannan yana yi mini ciwo. Amma amfanin suna ɗaya a duk duniya ba ya musantuwa, domin da shi ne ɗalibi a Samaru da ɗalibi a Indiya za su tabbata a kan itace ɗaya suke magana.

Linnaeus ya jera halittu ba tare da ya ce jerin na haihuwa ne ba. Charles Darwin ne, a littafinsa na 1859, ya ce dalilin da ya sa halittu ke zama rukuni cikin rukuni shi ne zuri'a ce ke rassa. Zane ɗaya tak ke cikin littafin, zanen reshe yana fitar da reshe. Na san akwai mai karatun da zai ja da baya da jin wannan suna, kuma maganar asalin ɗan'adam ba ita na zo yi ba. Amma manomin da ke ware zangarniyar da ta fi kyau don iri ya san ƙaura da farafara duk dawa ce, kuma ya san zaɓen iri shekara bayan shekara yana sauya amfanin gona. Masarar da ta cika gonakin Doguwa da Tudun Wada daga wata ciyawa ta fito, mai 'yan ƙwayoyi kaɗan masu tauri, wadda manoman Meziko suka fara nomawa kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Masana halittu suna cewa irin wannan sauyi, idan aka ba shi miliyoyin shekaru, shi ke raba jinsi ɗaya ya zama biyu. Ni dai duk lokacin da na bi wannan lissafi, girman halittar Ubangiji ƙaruwa yake yi a zuciyata.

To ta yaya ake gane ɗan gida daga mai kama da ɗan gida, alhali babu gwaggon da ta ga haihuwar kura? A nan ne wani masanin ƙwari ɗan Jamus, Willi Hennig, ya kafa ƙa'ida a 1950, kuma ƙa'idar ba baƙuwa ba ce a zauren rabon gado. Ba kowace kama ce shaida ba. Idan ka ce mutum biyu 'yan'uwa ne don kowannensu yana da kunne biyu, ba ka ce komai ba, kowa yana da su. Shaida ita ce alamar da ta fara daga kaka ɗaya ta bi zuri'arsa kaɗai, kamar wushiryar da aka san 'ya'yan ɗaki ɗaya da ita. Gashi a jiki da shayar da nono irin wannan alama ce. Akuya tana da su, ɓera yana da su, jemage ma yana da su, don haka jemage ba tsuntsu ba ne ko da ya kwana yana shawagi a kan mangwaro. Mahaucin da ya saba fiɗa zai gane sauran shaidar da idonsa. Ƙafar gaban akuya ƙashi ɗaya ne a sama, biyu a ƙasa, sai ƙananan ƙasusuwan gaɓa, sai yatsu. Fiffiken jemage wannan jerin ne dai, yatsun ne suka yi tsawo fata ta haɗe su. Fiffiken fara kuwa babu ƙashi a cikinsa ko ɗaya. Tashi ya haɗa su, gado bai haɗa su ba.

Hennig ya ƙara da sharaɗi na biyu, wanda shi ma malamin rabo zai amince da shi: idan za ka kira rukuni zuri'ar wane, to ka shigar da duk wanda ya fito daga tsatsonsa, kada ka fitar da ɗa don ya yi arziki ya sauya kama.

Da wannan ma'auni, dabbobin da mafarautan dajin Falgore suka sani sun sake zama. Kura, da tsayin ƙafafunta da farautarta cikin garke, kowa zai kai ta wajen kare da dila. Ƙasusuwan cikin kunnenta da ƙwayoyin gadonta sun kai ta ɓangaren kyanwa, kuma mafi kusa da ita su ne tunku da danginsa. Bushiya da beguwa duk ƙaya suka yafa, amma beguwa 'yar gidan gafiya da ɓera ce, haƙoranta na gaba masu gwaguya sun nuna, ita kuwa bushiya danginta jaɓa ce. Garar da ke gina suri tana cin azara ba tururuwa ba ce. Binciken da masana na gidan adana tarihin halittu na Landan suka fitar a 2007 ya tabbatar da cewa reshe ce a cikin kyankyasai, alhali tururuwa tana tare da zuma da rina. Kada ya fi kusa da zabo da tattabara a kan kusancinsa da damo ko ƙadangare. Yana gina wa ƙwansa sheƙa, yana gadinsa, zuciyarsa ɗaki huɗu ce irin ta tsuntsu.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne gidan giwa. Agwada, 'yar dabbar nan mai girman zomo da ke shan hantsi a kan duwatsu, da ayu na kogin Binuwai da Kwara, da dabgi mai tona suri da dare, duk dangin giwa ne. A ƙarshen shekarun 1990 aka gane cewa zuri'a ɗaya ce da ta tashi a nan Afirka lokacin da teku ta kewaye nahiyar, aka sa mata suna Afrotheria. Masuncin da ke jefa taru a dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, shi ma yana da nasa labarin. Karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa suna reshe ɗaya babba. Gaiwa kuwa, wadda ke da huhu, take shiga laka ta naɗe kanta idan fadama ta ƙafe har ruwa ya dawo, ta fi kusa da kwaɗo da akuya a kan kusancinta da tarwaɗar da suke kwana a ruwa ɗaya.

Abin da ya ba masana ƙarfin yanke irin wannan hukunci shi ne karatun ƙwayoyin gado, abin da ake kira DNA. A cikin kowace halitta akwai dogon rubutu da haruffa huɗu, wanda take kwafa ta miƙa wa 'ya'yanta. Wajen kwafar akan sami ɗan sauyin harafi nan da can, kuma duk wanda ya fito daga wannan tsatso zai gaji sauyin. Idan aka jera rubutun jinsi biyu, yawan sauye-sauyen da suka yi tarayya a kai shi ke nuna yadda kakansu yake kusa. Salsala ce da kowa ke ɗauke da ita a jikinsa. Da irin wannan karatu ne Carl Woese na Jami'ar Illinois a Amurka ya gano a 1977 cewa ƙananan halittun da ake yi wa kuɗin goro a ce bakteriya, gida biyu ne mabambanta tun daga tushe. Na biyun, da ake kira arkiya, suna nan a tumbin kowace saniya a rugar Fulani, su ke samar da iskar da take gyatsa. A 1990 ya kasa dukan masu rai gida uku, bakteriya, arkiya, da na ukun da ya tattara tsirrai da dabbobi da naman kaza.

Kada a ɗauka kullum kimiyya ƙaryata idon mutanenmu take yi. Wani lokaci tukunyar miya ta riga ɗakin bincike. An daɗe ana ware kuka da rimi a gidansu daban, lalo a nasa, goro a nasa, kuɓewa da auduga da yakuwa da rama a nasu. Da aka karanta ƙwayoyin gadonsu, tsarin da masana tsirrai suka fara fitarwa a 1998 ya tattara su duka a gida ɗaya, Malvaceae. Uwargidan da ke kaɗa miyar kuka yau, ta kuɓewa gobe, ta lalo jibi, ta san yauƙin da ya haɗa su, kuma yauƙin nan halin gidan ne. Wanda ya dubi furen kuɓewa da na auduga da na yakuwa zai ga fuska ɗaya. Sai dai karkashi, mai yauƙin da ya fi na kowa, ba ɗan gidan ba ne, ɗan'uwan riɗi ne. Shi ya sa ba a yanke hukunci da alama ɗaya. Haka dankali da dankalin Turawa, takwarori ne kawai. Na Turawan yana gida ɗaya da tumatir da gauta da attaruhu da taba, namu kuwa da duman kada.

Mai tambaya zai ce, to me wannan ya ƙara wa manomin Ƙofa a rumbu? Ya ƙara, domin cuta da magani duk gida suke bi. Dawa, gero, masara, shinkafa, rake da gamba duk gidan ciyawa ne. Ƙudujin da ke tsotse saiwar dawa, mai jan furen nan, yana kama gero yana kama masara. Wanda gonarsa ta kamu ya ce bana zai huta da dawa ya shuka masara, bai fita daga gidan ba, abincin ƙudujin ya sake kawo masa. Idan ya sa waken suya ko gyaɗa ko auduga, saiwarsu takan sa ƙwayar ƙudujin ta tsiro, ta rasa inda za ta kama, ta mutu. Wake kuma yana da nasa ƙudujin daban, jinsi ne na biyu a ɗakin, wanda ba ruwansa da dawa. Gidan wake, wanda ya haɗa gyaɗa, gurjiya, gawo, bagaruwa, tsamiya da ɗorawa, duk masu 'ya'ya a kwanso, da yawansu suna da ƙulle-ƙulle a saiwa inda bakteriya ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi taki. Wannan na cikin dalilan da hatsi ke kyau a gindin gawo. Ba duka ba ne, tsamiya ba ta da wannan baiwa, kamar yadda ba kowane ɗan gidan malamai ke zama malami ba.

A wajen maciji kuwa, maganar rai ce. Kububuwa da kasa gida ɗaya ne, dafinsu jini da nama yake ɓatawa. Kumurci da gamsheƙa wani gidan ne. An daɗe ana lissafa kububuwarmu da ta Indiya a matsayin jinsi ɗaya saboda tsananin kama. Daga baya aka raba su, tamu Echis ocellatus, tasu Echis carinatus. Bambancin ba na takarda ba ne. Allurar kashe dafi da aka haɗa da dafin ta Indiya ta shigo kasuwannin Afirka ta Yamma, kuma likitoci a Gana sun ba da rahoton yadda mace-mace suka ƙaru a asibitin da ya koma amfani da ita. Maganin EchiTAb da aka gwada a asibitin Kaltungo na jihar Gwambe, da dafin macizan Najeriya aka yi shi, aka sarrafa a Birtaniya da Kwastarika. Sauron zazzaɓin cizon sauro ma haka yake. Abin da aka daɗe ana kira Anopheles gambiae tarin jinsuna ne da ido ba ya bambantawa, wani ya fi son cizon mutum a ɗaki, wani yakan ciji shanu a waje, wani ya fi hayayyafa a ruwan da ke daɗewa irin na gonakin shinkafa. Ɗaya daga cikinsu sai a 2013 ya sami sunansa, Anopheles coluzzii. Ga yankin da ke noman rani da ruwan Tiga, sanin wanne ke cizo shi ke nuna ko gidan sauro kaɗai zai wadatar.

Gyaran salsala ba ya rasa rigima, kamar yadda rabon gado ba ya rasawa. Bagaruwa da ɗakwara mai ba da ƙaro sun shekara fiye da ɗari biyu ana kiransu Acacia, tare da ɗaruruwan itatuwan Ostareliya. Bincike ya nuna ba ɗaki ɗaya ba ne, dole a raba, kuma dole wani ɓangare ya bar sunan. Bisa tsohuwar ƙa'ida, ɓangaren bagaruwa ne ya cancanci riƙe shi, tunda da ita aka kafa sunan. Amma taron masana tsirrai na duniya a Biyana a 2005 ya bar wa Ostareliya, aka sake tabbatarwa a Melbon a 2011, bisa hujjar cewa jinsunansu sun kusa dubu, sauya musu suna zai fi wahala. Bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, ɗakwara ta koma Senegalia senegal. Masanan Afirka da dama sun yi adawa, kuma ina ganin gaskiya na tare da su. Raba ɗakin hukuncin hujja ne, babu mai jayayya da shi. Wanda zai riƙe sunan kuwa hukuncin ƙuri'a ne, kuma kujerunmu a irin wannan taro ba su da yawa.

Kujerun ba za su ƙaru ba sai mun yi aikin a gida. Wani likita ɗan Sikotland, John Dalziel, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, inda ya ɗora kowane suna a kan na kimiyya, kuma har yau masu bincike suna komawa gare shi. Daga bakin manoma da masu magani da makiyaya ya samo sunayen. Irin waɗannan mutane suna nan a ƙauyukan bakin dajin Falgore da kan duwatsun Ririwai, masu iya bambanta ciyawa biyu da ɗalibin jami'a zai ce ɗaya ce, su faɗa maka wadda shanu ke ci da wadda ke kumbura musu ciki. Jami'ar Ahmadu Bello tana da ɗakin adana busassun tsirrai a Samaru, Jami'ar Bayero da ta Wudil suna yaye ɗaliban kimiyyar halittu kowace shekara, kuma daga Kano zuwa Falgore tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Ɗalibin da zai je ya zauna da dattijo a Doguwa, ya ce "Baba, wannan fa me kuke ce mata?", ya tsinko reshen da furensa da 'ya'yansa, ya danne a takarda, ya rubuta wuri da rana da sunan da aka faɗa masa, ya ajiye abin da za a iya ciro ƙwayoyin gado daga jikinsa ko bayan shekara hamsin, lokacin da wataƙila gatarin masu gawayi ya riga ya kai ga itacen.